Ladabin kai gyara ga Linux

Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, buɗaɗɗiya ce. Kowa na iya karanta rubutunta, ya gano ɓaraka, ya aika da faci, wato ɗan gyaran da zai toshe ta. Sai dai ƙofa a buɗe ba ta ɗauke wa baƙo sallama ba.

Ƙa'idojin kaɗan ne. Kowane faci ya magance matsala ɗaya tak. Ya zo da bayanin abin da ya lalace da dalilin gyaran. Mai aikowa ya tace shi da checkpatch.pl, ya nemo wanda ke kula da sashen da get_maintainer.pl, sannan ya sa sunansa a layin Signed-off-by, shaidar da aka shigo da ita a 2004 cewa yana da haƙƙin bayar da rubutun. Idan aka yi masa gyara, ya amsa, ya sake aikowa tare da bayanin abin da ya sauya. Idan ya ji shiru, ya jira aƙalla mako guda kafin ya tuntuɓa.

Wasu na ganin wannan tsanani ne mai korar sababbin shiga. Kokensu yana da tushe, domin shi kansa Torvalds ya nemi afuwa a 2018 kan kaushin harshensa. Amma kaushin harshe daban, ƙa'ida daban. Masu rubuta faci suna da yawa, masu duba shi kaɗan ne, kuma duk facin da ya shiga, su za su ɗauki nauyinsa shekara da shekaru bayan mai shi ya kama gabansa. Facin da ya cakuɗa gyara biyar lokacinsu yake ci, kuma a cikin irinsa kuskure ke samun maɓoya.

Tushen abin amana ce. A Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota ta Amurka, bayan wasu masu bincike a can sun aika da faci masu aibi da gangan don su gwada masu dubawa. Sai da aka koma aka bi tsofaffin gyare-gyaren jami'ar ɗaya bayan ɗaya, har da na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Linux ke tafiyar da wayoyin Android da galibin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Mai son sa hannunsa a aiki irin wannan ya fara da ƙaramin faci mai tsafta, ya kuma jure a mayar masa da shi sau uku.