Injin wanki: A ƙasar Adar, kuɗin juyi 1400 asara ce

A watan da ya gabata wani yayana, ɗan wan mahaifina, ya kira ni daga kasuwar Tahoua. Shekara huɗu ya yi yana bida a Abidjan, ya dawo da niyyar sayen injin wanki ya kai gida Takanamat, don ya hutar da iyalinsa da tsohuwa. Injuna biyu ne a gabansa. Ɗaya an rubuta masa 800, ɗayan 1400, kuma mai kanti ya riga ya gamsar da shi cewa mai 1400 ya fi fitar da dauɗa. Ya ce mini, "Ƙanena, kai ne ɗan boko, wanne zan ɗauka?" Na ce, "Yaya, don Allah ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna."

Abin da mai kantin ya faɗa ba gaskiya ba ne, ko da bai yi da gangan ba. Wannan lamba ba ta da alaƙa da wanki. Tana nuna sau nawa gangar injin ke juyawa a minti ɗaya lokacin matse ruwa, bayan an gama wanki da ɗauraya. A injunan da suka biyo ta ƙasashen renon Faransa za a ga an rubuta tr/min kusa da kalmar essorage, waɗanda suka shigo daga Najeriya kuma rpm. Dauɗa tana fita ne da sabulu da ruwa da cuɗa, a lokacin da gangar ke tafiya a hankali. Gudun ƙarshe aikin hannun mace ne kawai idan ta murɗe zane kafin ta shanya.

To me ya sa masu ƙera injunan ke ta alfahari da wannan lamba? Domin Turawa aka yi ta. A Faransa ko Jamus, mutum zai shanya wando cikin ɗaki lokacin sanyi ya kwana biyu bai bushe ba, ko ya saka shi a wani injin busarwa mai shan wuta sosai. A can duk ɗigon ruwan da aka matse kuɗi ne. Shi ya sa takardar da Tarayyar Turai ke liƙa wa injuna take da ma'auni na matsa kaɗai, daga A zuwa G, kuma ba a ba inji A sai ruwan da ya bari a jikin kaya bai kai kashi 45 cikin ɗari na nauyin busassun kayan ba.

Mu yi lissafin da kayanmu. Inji mai juyi 800 yakan bar ruwa kusan kashi 70 cikin ɗari a jikin auduga, mai 1400 kuma kusan kashi 50. Ke nan idan ka wanke kaya kilo biyar, na farko zai bar maka wajen lita uku da rabi, na biyu lita biyu da rabi. Bambancin lita ɗaya ne. Wanda ya taɓa shanya riga a Tahoua cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska ba ta da ko alamar laima, ya san abin da rana za ta yi wa lita ɗaya da aka baza a kan igiya. Kafin a sauke tukunya ta shanye ta. Daminarmu ba ta wuce wata uku, sauran shekara injin busarwarmu yana sama, kuma NIGELEC ba ta kawo takardar kuɗinsa.

Da a ce asarar ta tsaya ga kuɗin saye, da da sauƙi. Ƙarfin da ke danna kaya a jikin ganga ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: idan ka ninka gudu biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. A ganga mai faɗin kusan rabin mita, juyi 800 yana danne tufa da ƙarfin da ya kai ninki 170 na nauyinta, juyi 1400 kuma ya haura ninki 500. Wandon jins da tawul ba su damu ba. Amma me muke sawa a ranar Juma'a da ranar suna? Shadda. Shadda kuwa darajarta a ƙyallinta take, kuma idan ta sha irin wannan danna tana fitowa da karaya a jiki, layi-layi, wadda dutsen guga ba ya gyarawa cikin sauƙi, sai dai a koma wurin masu bugu. Haka babbar riga mai aiki a wuya, da leshi, da mayafi mai duwatsu, da rawanin da ƴan'uwanmu Buzaye ke ji da shi. Irin waɗannan, in ma dole sai sun shiga inji, 400 zuwa 600 ya ishe su. Atamfa da kayan yara na yau da kullum, 800. Ni dai shaddata mai tsada ba ta shiga inji ko kaɗan, kuma ban ga abin kunya a nan ba.

Shi ma injin yana jin jiki. Yawancin gidajenmu daɓen bai daidaita ba, kuma inji mai gudu a kan daɓe mai gangara rawa yake yi har ya bar wurinsa. Wannan jijjiga ita ke cinye ƙarafan da gangar ke juyawa a kansu, gyaransu kuma ba kowane mai gyaran firiji ne ya iya ba. Af, kafin in manta: sabon inji mai ƙofa a gaba yana zuwa da manyan kusoshi uku ko huɗu a bayansa waɗanda ke riƙe gangar saboda tafiya. Wanda bai kwance su ba kafin wankin farko zai zaci aljanu ne suka shiga ɗakin.

Ba na cewa gudu ba shi da rana. Bargo mai nauyi, ko wankin watan Agusta idan hadari ya yini, ko lokacin hunturu da ƙura ke sauka kan shanya tun ba ta bushe ba, a nan juyi 1000 yana da amfani. Mai shagon wanki da guga a cikin gari, wanda igiyarsa ba ta da yawa kuma masu kaya na jira, shi ma yana iya samun riba a ciki. Amma gida ɗaya a Takanamat ba shagon wanki ba ne.

Tambayoyin da ya kamata yayana ya yi wa mai kanti biyu ne, kuma babu wadda aka rubuta amsarta da manyan baƙaƙe a goshin injin. Ta farko ruwa. Inji mai sarrafa kansa yana shan lita 40 zuwa 60 a wanki ɗaya, kuma yana son famfo mai ƙarfi da zai tura masa ruwan. A arewacin Adar, inda rijiyoyi ke da zurfin da sai da jaki ko raƙumi ake jan guga, kuma ruwa ke isa gida cikin jarkoki a kan amalanke, wa zai ba shi wannan famfon? Inji mai baho biyu, wanda ake raina wa, da bokiti ake cika shi. Za a wanke fararen kaya, a bi da masu launi cikin ruwa ɗaya, a tari ruwan ɗauraya a yi wankin gaba da shi ko a yayyafa wa tsakar gida. Bahonsa na matsa ba ya ba ka zaɓin gudu, agogo ne kawai mai minti biyar, don haka sai ka rage lokaci: minti ɗaya ga kaya masu laushi, uku ga masu kauri.

Ta biyu wuta. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 ba za ta ɗauki jihar Tahoua duka ba. Yayana da farantan sola yake shirin tayar da injinsa. Abin da zai durƙusar masa da batir ba motar da ke juya ganga ba ce, ƙarfen dumama ruwa ne, wanda ke jan wajen wat 2000 shi kaɗai. Inji mai baho biyu galibi ba shi da wannan ƙarfe, kuma wat ɗari uku zuwa biyar ya ishe shi. Ruwan da ya yini cikin jarka a rana ai ya riga ya dumama.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce matsalar ɗaya ce: mai baho biyu roba ne, kuma idan aka sauke shi daga mota a gaban mutane ba za a ce daga Abidjan ya dawo ba. Na ce masa tsohuwa wanki take so a rage mata. Daga baya na ji ya ɗauki mai baho biyun, ragowar kuɗin kuma ya ƙara batir ɗaya da jarkoki shida.