Ra'ayi: Mai wasan dabo da bai iya sauya salo ba, da kansa zai tona asirinsa

Duk mai leƙa TikTok da Facebook ya ga yadda matasa suka rungumi wasan dabo, wato rufa-ido irin na nishaɗi. Wani ya koyi ɓatar da tsabar kuɗi a tafin hannu, wani ya iya zaro kartar da ka zaɓa daga tsakiyar sauran. Bidiyo na daƙiƙa talatin yana yi musu kyau. Matsalar tana fitowa ne ranar da aka gayyace su bikin aure ko bikin ƙarshen shekara a lakwal, aka ba su rabin awa a gaban jama'a. Minti goma na farko ana tafi, daga nan sai ka ga kowa ya sunkuya kan salularsa. A ganina abin da ya kashe wasan shi ne rashin tsari: dabaru bakwai, amma duk abu ɗaya suke nunawa.

Masu wannan sana'a sun daɗe da gane haka. A 1944 wani Ba'amurke mai suna Dariel Fitzkee ya wallafa littafin The Trick Brain, inda ya kasa duk abin da mai dabo yake nunawa gida 19. Daga ciki akwai fito da abu daga inda babu shi, ɓatar da abu, musanya wa abubuwa biyu wuri, rikiɗar da abu ya koma wani, ratsa abu mai ƙarfi da wani, gyara abin da aka yanke ko aka yaga, ɗaga abu sama ba tare da an riƙe shi ba, da faɗin abin da mutum ya zaɓa kafin ya zaɓa. Darasin a fili yake. Idan ka ɓatar da dala, ka ɓatar da zobe, ka ɓatar da ƙyalle, kai kana lissafin dabaru uku, mai kallo kuwa abu ɗaya ya gani sau uku.

Maimaitawa tana kuma da haɗari. Dabo yana tafiya ne a kan karkatar da hankali: ido yana bin hannun dama alhali na hagu ne yake aiki. A karo na farko mai kallo bai san inda za a kai shi ba, don haka bai san abin da zai sa wa ido ba. A karo na biyu ya riga ya san ƙarshen, sai ya koma gadin hannun da ba a so ya kalla. Shi ya sa tsofaffin masu sana'ar suke gargaɗin kada a yi dabara ɗaya sau biyu a gaban mutane ɗaya. Kullum ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A yau ma da kowa yake riƙe da kyamara, ranar mai kaya tana saurin zuwa.

Tarihi ya nuna amfanin jera abubuwa mabambanta. A 1856 hukumomin Faransa suka tura Robert-Houdin zuwa Aljeriya don ya rage kwarjinin malaman da suke zuga jama'a a kan ƴan mulkin mallaka. Manufar tafiyar ba abin yabo ba ce, amma tsarin wasansa abin nazari ne. Ya fito da kaya daga hula, ya kama harsashin da aka harba masa, ya ɓatar da mutum, sannan ya kawo ƙaramin akwatin da wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga cikin sauƙi, jim kaɗan ya kasa motsa shi, saboda maganaɗisun lantarki da aka ɓoye a ƙarƙashin dandalin. Kowace dabara tambaya ce daban, ba a bar mai kallo ya gama warware ta farko ba sai ga wata.

Wani zai ce ai Shin Lim ya lashe gasar America's Got Talent a 2018 da karta kusan zalla. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara ƙarfafa maganar. Kayan aikinsa ɗaya ne, amma abin da ke faruwa da su yana sauyawa: karta ta ɓace, ta rikiɗe, ta koma wurin da ba a zata ba, ga kiɗa yana tashi yana sauka. Ke nan sauya salo bai buƙatar sayen kaya masu tsada daga waje. Matashin da ke Zinder ko Tawa, da igiya da ƙoƙuna uku da fakitin karta, yana da abin da zai cika rabin awa idan ya tsara.

Yaya zai tsara? Ya buɗe da abu gajere mai ɗaukar ido, wanda ba ya buƙatar dogon bayani. Ya biyo da wanda za a kira wani daga cikin jama'a, domin mutane sun fi kula idan ɗan uwansu ne a tsaye a fage. Bayan na dariya ya kawo na shiru, bayan ƙaramin abu na tafin hannu ya kawo wanda na bayan rumfa ma za su hango. Mafi ƙarfin dabararsa ya ajiye ta ƙarshe, ya sauka mutane suna neman ƙari. Dabaru biyar masu bambanci sun fi goma sha biyu masu kama da juna.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Gardawa da masu wasa da kura da maciji a kasuwanni ba su taɓa dogara da abu ɗaya ba. Akwai kiɗa, akwai kirari, akwai barkwanci da tsokanar ƴan kallo, sai an tara jama'a an ɗumama su sannan a fito da babban abin. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, su kuwa da gangan suke canza kiɗan.

Akwai abu guda da ya kamata ya shiga cikin kowane shiri a wurinmu: mai wasa ya faɗa tun farko cewa abin da zai yi saurin hannu ne da atisaye, babu aljani babu asiri. Jama'a da yawa suna haɗa dabo da bokanci, ko da ƴan damfarar da ke cewa za su ninka maka kuɗi. Wanda ya raba kansa da waɗannan a bainar jama'a shi ne shugaban lakwal zai amince ya tsaya gaban ɗalibai, shi ne kuma mai biki zai sake kira. Sana'ar tana iya ciyar da mai ita, amma gayyata ta biyu ce take ciyarwa, kuma babu mai sake biyan kuɗi don ya kalli abin da ya riga ya gane yadda ake yi.