Shekara Biyar Ana Haddar Doka, Ba A Ga Mai Ƙara Ba

Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta, ba a ba mu digiri ba sai da muka je SIWES muka taɓa aiki da hannu. To don me ɗalibin lauya zai shafe shekara biyar yana haddar sassan doka, ya fita bai taɓa sauraron matar da dangin miji suka hana tumuninta ba?

Tun 2003 aka kafa ƙungiyar NULAI don yaɗa cibiyoyin ba da shawarar shari'a kyauta a jami'o'inmu. Amma har yau a wurare da dama aikin ganin dama ne. Wannan sakaci ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ɗan dako a kasuwar Kurmi ina ya taɓa jin wannan?

Za a ce ɗalibi ba lauya ba ne. Haka ne, ba zai tsaya gaban alƙali ba. Amma zai iya ƙirga kwanakin tsarewa, ya rubuta takardar neman beli, malaminsa lauya ya duba ya sa hannu. A mayar da aikin kwas na dole, mai maki, kafin a ba kowa digiri.