Kwamfutar Da Ba Ta Son Gaggawa

A wannan mako za mu duba wata irin na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda masana ke kira kwamfutar kwantam ta adiyabatik, watau mai aiki da sannu-sannu. Sunan yana da nauyi a baka, amma matsalar da aka ƙera ta dominta kowa ya san ta.

Alal misali, a ce direba ya yi lodi a kasuwar Wuse zai sauke kaya a wurare 10, su Kubwa da Gwarinpa da Karu da sauransu. Hanyoyin da zai iya jera waɗannan wurare sun kai 3,628,800. In wuraren suka zama 20, adadin ya koma lamba mai alƙaluma 19, wanda kwamfutar ofis za ta yi shekaru tana bi ɗaya-ɗaya ba ta gama ba. To, wace hanya ce ta fi sauƙin mai da lokaci?

Asalin dabarar ya samo ne daga wata ƙa'ida da Max Born da Vladimir Fock suka tabbatar a 1928. Ƙa'idar ta ce ƙanƙanin abu irin ƙwayar zarra, idan yana kwance a matsayi mafi ƙarancin ƙarfi, sa'an nan aka riƙa sauya yanayin da ya ke ciki a hankali, to zai ci gaba da zama a matsayin nan na ƙasa. Kamar mai tallan nono ce da ƙwarya cike a ka: in ta taka a hankali ta isa kasuwa da nononta lafiya, in ta yi gudu ya zube. A shekarar 2000 Edward Farhi da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka ce ai za a iya lissafi da wannan. A fara na'urar daga yanayi mai sauƙi wanda an san amsarsa, a riƙa karkata ta sannu a hankali har ta koma siffar matsalar da a ke so a warware. Inda ta kwanta a ƙarshe, nan amsa ta ke.

Sai dai fa akwai wurin da hanya ke ƙuntata, inda amsar gaskiya da wata mai kama da ita ke kusantar juna ƙwarai. A nan tilas a ƙara rage tafiya, kuma a kan matsaloli masu wuya jinkirin kan yi yawa har amfanin na'urar ya gushe.

Bukatunta kuwa ba na wasa ba ne. Kamfanin D-Wave da aka kafa a ƙasar Kanada, wanda ya sayar da na'urarsa ta farko mai kyubit 128 ga Lockheed Martin a 2011, ya kuma fito da mai kyubit sama da 5,000 a 2020, yana sanyaya zuciyar na'urar zuwa awo 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Ana kare ta daga girgiza da maganaɗisun ƙasa, kuma lantarki ba ya yankewa. Kyubitocin, watau ƙwayoyin lissafinta, da ƙarfen niyobiyam a ke yin su. Ashe wannan ƙarfe shi ne a ke fitarwa daga kolambait, ma'adinin da Nijeriya ta fi kowace ƙasa haƙowa a shekarun 1950, daga tsaunukan Jos.

Batun amfani, an gwada. A 2019 kamfanin Volkswagen ya yi aiki da ita wajen tsara hanyoyin bas-bas a birnin Lisbon. Amma binciken da Matthias Troyer da abokansa suka buga a 2014 bai ga shaidar cewa ta fi kwamfutar yau da kullum sauri ba, kuma iƙirarin fifikon da kamfanin ya yi a 2025 shi ma wasu masana sun yi jayayya da shi.

A ganina, kada wani jami'i ya ji labarin nan ya rubuta takardar sayo mana ita. Tun 2018 kamfanin ke ba da hayar lokacinta ta intanet. Aikin da ya fi wuya shi ne mai da matsala zuwa lissafin da na'urar ke ganewa, wannan kuwa aikin masana lissafi ne, irin waɗanda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa aka kafa su horar. Sa'an nan na'ura ba ta cin komai sai alƙaluma. Kafin a tambaye ta yadda za a warware cunkoson hanyar Nyanya zuwa Mararraba, lalle sai an ƙirga motoci nawa ke bi, da ƙarfe nawa, daga ina zuwa ina, a kuma ajiye ƙidayar inda ɗalibi zai iya samu.