Wa ya hana matasan injiniyoyinmu ƙwarewa?

Kuka ɗaya ne a bakin manyan ma'aikatan hanyoyi da gine-gine, daga Yamai har Damagaram: wai yaran yanzu ba su da haƙuri, ba su son rana, ba su san girman na gaba ba. Mun ji. To amma kafin a ɗora wa yaro laifin rashin iya noma, a tambayi wanda ya ɓoye hauya.

Jama'a, mu tuna baya. Waɗanda suka ga shimfiɗa hanyar uraniyom, daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, sun koyi aiki ne cikin ƙura, kusa da magabatansu. Sai ga shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da FMI a shekarun 1980 da 1990: aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka karya darajar sefa a 1994, albashi ya riƙa makara wata da watanni. Tsanin da ke tsakanin tsoho da yaro ya karye. Wannan ba laifin wanda aka haifa daga baya ba ne.

Me ake yi da saurayi ko budurwar da suka fito daga makarantar EMIG da takardar injiniya? A kai su aikin bautar ƙasa, a zaunar da su bakin ƙofar shugaba, suna kwafe takardu suna ɗaukar jaka. Awon ƙasa, lissafin gada, binciken ingancin kwalta, duk sai a miƙa wa kamfanin waje. Gadar Yamai ta biyu, wadda Sinawa suka gama a 2011, da ta uku a 2021, makarantu ne sukutum. Matasa nawa suka fito daga cikinsu da ilimin gina ta huɗu? Muna jiran amsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne rowar sani. Wani babba ya san inda ruwa ke cin hanya kowace damina, ya san wane dutse ke jure nauyin manyan motoci, amma ya kulle sanin a cikinsa don kada yaro ya gaje kujerarsa. Ranar da ya bar aiki, sanin ya bi shi gida. Idan kuma yaron ya ce kwaltar ɗan kwangila ba ta kai kauri ba, sai a kira shi marar kunya, a tura shi can nesa. Mun san dalili, ba sai an faɗa ba.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su gaji hanyar Yamai zuwa Difa da ramukanta. A damƙa wa kowane matashin injiniya kilomita nasa, da sunansa a kan takardar karɓar aiki, da babba guda mai duba shi. A kuma daina ƙara wa shugaba girma sai ya nuna mutum nawa ya horar. In an yi haka hanyar ta lalace, a lokacin ku zo mu zagi yaran tare.