Tsadar Haya A Kudancin Kaduna: Daga Ina Take, Kuma Me Ya Rataya A Wuyanmu?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa mai karatu, idan kana zaune a Kakuri, Makera, Nasarawa ko Barnawa, ka san yadda kuɗin haya ke hana magidanci barci. Mutane na ɗora laifin kan tsadar siminti da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Gaskiya ne, amma ciwon ya girmi haka.

Na farko, masaƙun Kakuri da suka tara dubban ma'aikata sun durƙushe: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Jama'a suna nan, albashi ya tafi. Na biyu, rikicin 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 sun mayar da kogin Kaduna iyaka. Musulmi da yawa suka ƙaura arewa, Kirista suka koma kudu. Yau mai neman ɗaki ba ya tambayar kuɗi kawai, sai ya tambayi inda zai kwana da kwanciyar hankali. Unguwannin da yake iya zaɓa sun ragu, masu nema sun yi cincirindo a kansu. Na uku, 'yan bindiga sun koro mutanen ƙauyukan Chikun da Kajuru zuwa cikin gari.

To, ka ga ƙarancin aminci yana cikin abubuwan da suka haifi ƙarancin gidaje.

Idan kai mai gida ne, ka sani haya halal ce, kuma shari'a ba ta yanke maka farashi ba. Sai dai sharaɗinta a san kuɗi, a san wa'adi. Ba ka da ikon ƙara kuɗi kafin wa'adi ya cika, kuma gyaran rufi da masai a kanka yake. Neman kuɗin shekara biyu a dunƙule daga wanda ke cin guminsa kullum, ko da ƙulla hayar ta inganta, tsanantawa ce. Wanda ya shiga ƙunci na gaske, umarnin Alƙur'ani shi ne a jinkirta masa. Dillali kuma ya faɗi la'adarsa tun farko, kada ya zuga mai gida.

Idan kai ɗan haya ne, ka biya a kan lokaci. Jinkirin mai hali zalunci ne, gidan kuma amana ce a hannunka.

Mu jama'a kuwa, wanda bashin haya ya danne yana cikin masu cin zakka. Mai dukiya ya tuna wakafin ɗakuna ga zawarawa da marayu sadaka ce mai gudana. Kuma ka kyautata wa maƙwabcinka, Musulmi ne ko Kirista, domin duk unguwar da aminci ya dawo mata, ƙofofin haya ne suka buɗe.

Allah ne mafi sani.