Fihirisa da Tsakure: Makullan Taskar Ilimin Birnin Zazzau

Masu iya magana kan ce, rashin sani kaza ta kwana kan dami. Wannan karin magana ya dace da halin da ɗimbin rubuce-rubucen da ke cikin ganuwar birnin Zariya suke ciki. A unguwannin malamai irin su Kona da Juma, akwai zaurukan da aka gaji littattafan Larabci da waƙoƙin ajami tun kaka da kakanni, suna nannaɗe cikin gafaka. Sau da yawa malamin gidan ne kaɗai ya san abin da ke cikin kowace gafaka. Ranar da ya kwanta dama, takardun za su saura, amma hanyar isa gare su ta tafi tare da shi. Saboda haka ya wajaba ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa ya naƙalci dabarun tsara fihirisa da rubuta tsakure.

Fihirisa jeri ne na sunaye da wurare da batutuwa, wanda aka tsara bisa haruffa, kowace kalma tana nuni ga shafin da za a same ta. Tsakure kuwa shi ne taƙaitaccen bayanin abin da rubutu ya ƙunsa, galibi cikin kalmomin da ba su wuce 250 ba. Wato fihirisa yana faɗin inda abu yake, tsakure kuma yana faɗin ko mene ne abin. Tsakure iri biyu ne: akwai mai nuni, wanda kan ambaci batutuwan da aka taɓo kawai, akwai kuma mai bayani, wanda kan kawo manufa da hanyar bincike da sakamako. A dukkansu ba a yarda mai rubutawa ya cusa ra'ayinsa ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga al'ummar Musulmi. Ita kanta kalmar fihirisa daga Larabci Hausa ta aro ta, kuma tun wajen shekarar 987 Ibn Nadim ya jera littattafan zamaninsa a Bagadaza cikin Al-Fihrist. A nan gida ma, shirin binciken tarihin Arewa da aka kafa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1964 ya tattara rubuce-rubucen hannu, ya kuma fitar da jerin sunayensu, abin da manazarta suka daɗe suna cin moriyarsa.

Mai tsara fihirisa yakan fara da karanta rubutu a tsanake, ya tsamo muhimman batutuwansa, sannan ya zaɓa wa kowane batu kalma ɗaya tsayayya. A nan gizo ke saƙar. Wani marubuci zai ce Zazzau, wani ya ce Zariya. Wani ya rubuta Aliyu Ɗansidi, wani ya ce Alu Ɗansidi, alhali duk Sarkin Zazzau ɗaya ake nufi, mai waƙar Tabarƙoƙo. Dole a tsayar da suna ɗaya, a sa “duba” a gaban sauran domin su kai mai nema gare shi. Haka nan dole a bambanta ɓ da ɗ da ƙ daga takwarorinsu, domin bari daban, ɓari daban. Wannan kuwa aiki ne na wanda ya san harshen ciki da bai.

Wasu na ganin cewa zuwan kwamfuta da intanet ya sa wannan wahala ba ta da sauran amfani. Gaskiya ne na'ura tana zaƙulo kalma cikin ƙiftawar ido, amma sai kalmar da aka shigar mata. Hoton shafin ajami da aka ɗauka da waya hoto ne kawai, matuƙar ba a haɗa shi da sunan mawallafi da jigo da tsakure ba. Haka abin yake ga tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939: mai neman labari guda ba tare da jagora ba sai ya bi su shafi-shafi.

Don haka ya kamata kwalejojin ilimi su mayar da wannan fasaha aikin yi da hannu, ba na haddar ma'ana kawai ba. Kowane ɗalibi ya rubuta wa kundinsa tsakure ingantacce, ya kuma tsara wa littafin adabi guda fihirisa. Wanda ya fito daga gidan malamai ya nemi izinin magabatansa, ya zauna gabansu da ladabi, ya rubuta sunan kowane littafi da mawallafinsa da jigonsa tun masu sanin suna raye. Gara da ruwan sama suna cin takarda, amma littafin da ba wanda ya san da zamansa ya riga ya ɓata ko da yana nan lafiya lau cikin gafakarsa.